Yadda Ake Auna Waƙar 'Yan Kallon Ƙwallo Kafin a Ce a Gurfanar da Mai Rera Ta

Duk lokacin da dubban magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa suka haɗa murya suka rera waƙar da ke cin mutuncin mabiya wata ɗariƙa, ko suka yi wa wasu 'yan bindiga kirari, abin da ke fara fitowa daga bakin mutanen kirki shi ne a yi doka a kama su. Fushin yana kan hanya, amma fushi kaɗai ba ya rubuta doka mai kyau. Skotland ta gwada wannan magani a aikace: majalisarta ta amince da dokar hana ɗabi'ar cin fuska a wasannin ƙwallo ranar 14 ga Disamba, 2011 da ƙuri'a 64 a kan 57, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Maris, 2012, sannan majalisar ta soke ta a Maris na 2018 da ƙuri'a 62 a kan 60. Waɗannan shekaru shida sun bar mana shari'o'i da hujjoji da suka isa mutum ya koyi yadda zai ɗauki waƙa guda ya auna ta, har ya gane ko ta kotu ce, ko ta hukumar ƙwallo ce, ko kuwa abin da ya wajaba a haƙura da shi ne duk da ɗacinsa.

Ka fara da sanin tushen gabar

Ba za ka iya auna waƙa ba matuƙar ba ka san abin da take nufi a kunnen wanda ake rera ta dominsa ba. A birnin Glasgow akwai manyan ƙungiyoyi biyu. An kafa Rangers a 1872, kuma da tafiya ta yi nisa sai ta zama tutar mabiya Furotestan masu kishin zama cikin Birtaniya. An kafa Celtic a 1887 a hannun wani malamin Katolika ɗan Ireland da ake kira Brother Walfrid, domin tara kuɗin ciyar da talakawan gabashin birnin, waɗanda akasarinsu zuriyar baƙi ne daga Ireland. Da yawa daga cikin kakanninsu sun ƙetaro ne sakamakon babbar yunwar da ta fara a 1845, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya. Rangers ta shafe shekaru da dama tana kauce wa ɗaukar ɗan wasan da aka san Katolika ne, har sai da kocinta Graeme Souness ya sayo Mo Johnston a 1989. A kan wannan tsohuwar gaba ce rikicin Ireland ta Arewa ya zo ya hau, rikicin da ya ci rayuka fiye da 3,500 kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998.

Kada wanda ke nesa ya ɗauka cewa maganar waƙa ce kawai. A 1995 an kashe wani yaro ɗan shekara 16 a unguwar Bridgeton ta Glasgow yana hanyar komawa gida daga kallon wasan Celtic, kuma wannan kisa ne ya sa aka kafa ƙungiyar Nil by Mouth mai yaƙi da ƙiyayyar ɗariƙanci. A kakar wasa ta 2011 abin ya ƙara ƙamari. A karawar ƙungiyoyin biyu ta watan Maris an ba 'yan wasan Rangers uku jan kati, ciki har da El Hadji Diouf na Senegal, kuma kocin Celtic Neil Lennon ya yi sa'insa da mataimakin kocin Rangers Ally McCoist a gefen fili. A cikin watannin nan ne aka aika wa Lennon da lauyansa Paul McBride da wata 'yar majalisa ƙunshin abubuwan da aka haɗa da nufin su fashe, sannan a watan Mayu wani ɗan kallo ya tsallako fili a Edinburgh ya auka wa Lennon. Waɗanda suka nemi a yi doka suna da dalili mai nauyi, kuma duk wanda zai yi jayayya da su dole ne ya fara amincewa da hakan.

Ka rarrabe waƙoƙin, kada ka zuba su a kwando ɗaya

Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci, kuma a nan ne mafi yawan masu muhawara ke tuntuɓe. Ka nemi kalmomin waƙar gaba ɗaya, ka karanta su a natse, sannan ka tambayi kanka wa aka nufa da su da kuma abin da ake so ya same shi.

Akwai waƙar da ke nufar mutane saboda addininsu ko asalinsu. Wasu magoya bayan Rangers sun daɗe suna rera wadda ke alfahari da tsunduma cikin jinin Katolika har gwiwa, kuma hukumar ƙwallon Turai, UEFA, ta ci tarar ƙungiyar a 2006 bayan wasanninta da Villarreal, ta kuma umarce ta da ta riƙa shelanta haramcin waƙar. Akwai wata da ke ce wa zuriyar 'yan Ireland yunwa ta wuce, su tattara su koma inda suka fito. Mutanen da ake faɗa wa wannan magana an haife su a Skotland, iyayensu ma a nan aka haife su. Irin wannan waƙa ba ta bayyana ra'ayi a kan wata manufa, kora ce ake yi wa ɗan ƙasa daga ƙasarsa, kuma ni ban ga wata hujja ta 'yancin magana da za ta wanke ta ba.

Akwai kuma waƙar siyasa, wadda ke yabon wata gwagwarmaya ko take sukar mai mulki. A ɓangaren Celtic ana rera wadda ke jero sunayen fursunoni goma da suka mutu a yajin cin abinci na 1981 a kurkukun Maze na Ireland ta Arewa, cikinsu har da Bobby Sands, wanda aka zaɓa ɗan majalisar Birtaniya yana kwance a kurkuku kafin ya rasu bayan kwana 66. Goman nan duka mambobin ƙungiyoyin IRA da INLA ne masu ɗauke da makamai, waɗanda suka yi yaƙin neman raba Ireland ta Arewa da Birtaniya. Ga wanda bam ɗin IRA ya kashe masa uba, jin wannan waƙa tamkar fama masa gyambo ne, kuma ba daidai ba ne a ce masa ya cika ƙorafi. Amma ga mai rera ta, juyayin mutanen da suka mutu a kan matsayin fursunan siyasa yake yi, kuma baitocin ba su zagi Furotestan ba, ba su kuma ce a kashe kowa ba. Idan ka haɗa wannan da waƙar jini har gwiwa ka ce duk ɗaya ne, to ka yi wa gaskiya kwange domin kawai a ce ka raba laifi daidai tsakanin ɓangarori biyu. Sai dai ka lura, waƙar siyasa tana iya ƙetare iyaka idan ta koma kiran a kai hari ko neman goyon baya ga haramtacciyar ƙungiya, kuma Birtaniya tana da dokokin ta'addanci na 2000 da 2006 da aka tanada domin wannan.

Na uku shi ne zambo da gori na filin wasa, wanda ba ya rasa ashar da rashin kunya. Yawancinsa aikin masu tsaron fili ne da shugabannin ƙungiya, ban da irin wanda ke yi wa mamata dariya, kamar gorin da ake yi da bala'in turmutsutsun filin wasa na Hillsborough na 1989 da ya ci rai 97 ko haɗarin jirgin 'yan wasan Manchester United a Munich na 1958, wanda hukumar gabatar da ƙara ta Ingila ta bayyana a 2023 cewa ana iya gurfanar da mai yin sa ƙarƙashin dokar zaman lafiyar jama'a.

Ka auna cutarwa, kada ka tsaya a kan ɓacin rai

Bayan ka san irin waƙar, sai ka tambayi wace cuta take haifarwa. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke tun a 1976, a shari'ar Handyside, cewa 'yancin faɗin albarkacin baki ya haɗa har da maganar da ke ɓata rai ko take girgiza mai sauraro. Dalilin a fili yake: maganar da kowa ya yarda da ita ba ta buƙatar kariyar doka. Saboda haka cewa waƙa ta ɓata wa mutane rai bai isa a ɗaure mai rera ta ba, sai an nuna barazana, ko tunzura jama'a su ƙi wasu mutane, ko haɗarin tashin hankali na gaske.

Akwai ma'auni mai amfani da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a Rabat a 2012, wanda ya ƙunshi tambayoyi shida: yanayin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da maganar ta ƙunsa da sigarta, nisan inda ta kai, da yiwuwar ta jawo cuta. Ka gwada shi a kan ɗan wasan Kuroshiya Josip Šimunić, wanda a Nuwamba na 2013, bayan wasa da Iceland a Zagreb, ya ɗauki makirufo ya jagoranci 'yan kallo wajen ɗaga kirarin da aka san gwamnatin Ustaše da shi, gwamnatin da ta yi wa Sabiyawa da Yahudawa da 'yan Roma kisan kiyashi a Yaƙin Duniya na Biyu. Shahararren mutum ne abin koyi ga matasa, da gangan ya yi, a gaban dubban mutane, da kalmomin da kowa a ƙasar ya san tarihinsu. FIFA ta dakatar da shi wasa 10, kotun ƙasarsa ta ci shi tara, kuma kotun Turai ta ƙi karɓar ƙorafinsa a 2019. Yanzu ka ɗora ma'aunin nan a kan saurayi ɗan shekara 18 da ke tsakiyar taro yana bin baitin da ya taso ya ji ana rerawa, a filin da babu wanda ya fahimci kalmomin. Sakamakon ba zai zama ɗaya ba, kuma dokar da ba ta iya ganin wannan bambanci tana da matsala tun daga tushe.

Ka karanta kalmomin dokar da kanka

Kada ka wadatu da abin da minista ya ce dokar za ta yi, ka nemi rubutunta. Sashe na farko na dokar Skotland ya haramta nuna ƙiyayya ga mutane saboda addini ko launi ko asali da makamantansu, ya kuma haramta barazana, waɗanda duk babu mai jayayya da su. Amma sai ya ƙara da duk wata ɗabi'a da mutum mai hankali zai iya ɗauka a matsayin cin fuska. An ce dole ɗabi'ar ta kasance mai iya tayar da hankalin jama'a, sai dai kuma dokar ta ce wannan sharaɗi ya cika ko da mutanen da za su fusata ba sa wurin, ko 'yan sanda sun riga sun raba tsakani. Ma'ana, a lokacin da dokar take aiki ana iya hukunta mutum a kan fushin wani da aka ƙaddara a zuci, wanda bai halarci wasan ba. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyar. Dokar ta kuma bi mutum har hanyarsa ta zuwa wasa da dawowa, ta shiga wuraren da jama'a ke taruwa su kalli wasa a talabijin, wato abin da a wajenmu zai yi daidai da gidajen kallon ƙwallo.

Abin da ya biyo baya ya nuna illar irin wannan rubutu. A wata shari'a da ta taso daga wasan Ross County da Celtic a garin Dingwall, alƙali ya sallami wanda ake tuhuma da rera waƙa domin bai ga alamar waƙar za ta tayar da rikici a wurin ba, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke sallamar a 2013 bisa hujjar cewa dokar ba ta buƙaci masu fusata su kasance a filin ba. A shekarar ce kuma wani alƙali a Dundee ya fito fili ya ce an yi wa dokar mummunan rubutu. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa wasu magoya baya biyu saboda rera waƙar masu yajin cin abinci. Gwamnati kuwa ba ta taɓa fitar da jerin waƙoƙin da aka haramta ba, sai aka bar wa ɗan sandan da ke bakin aiki ya yanke. Idan ɗan ƙasa ba zai iya sanin abin da zai kai shi kurkuku kafin ya buɗe baki ba, to ka sa wa wannan doka alamar tambaya komai kyawun niyyar masu ita.

Ka kuma yi wannan gwaji mai sauƙi: shin abin da aka haramta a filin ƙwallo laifi ne idan aka yi shi a filin wasan zari-ruga, ko a dandalin kiɗa, ko a jerin gwanon kan titi? A Skotland a lokacin dokar ana iya rera waƙa guda a wurin shagali ranar Juma'a babu abin da zai faru, a rera ta ranar Asabar a filin wasa a kwana a hannun 'yan sanda. A 2014 magoya baya sun yi gangamin sayen waƙar masu yajin nan har ta shiga jerin waƙoƙi 40 da aka fi saye a Birtaniya, alhali ana gurfanar da mutane a kanta. Ƙiyayya ga Katolika ba a filin wasa aka haife ta ba, kuma dokar da ta ware 'yan kallon ƙwallo kaɗai, waɗanda mafi yawansu matasa ne 'ya'yan talakawa, ta bar sauran al'umma suna ganin kamar cutar ba ta shafe su ba.

Ka bincika ko akwai dokar da ta riga ta wadatar

Kafin ka goyi bayan sabuwar doka, ka tambayi abin da tsofaffin suka kasa yi. A Skotland akwai tsohon laifin tayar da zaune tsaye, akwai tanadin 2003 da ya ba kotu damar tsananta hukunci idan ƙiyayyar addini ce ta motsa laifin, akwai dokar 2006 da ta ba da ikon hana mutum shiga filin wasa har shekara 10, akwai kuma laifin barazana ko cin zarafi na dokar 2010. Hujja mafi ƙarfi ita ce, tun a 2009, shekara uku kafin sabuwar dokar, babbar kotu ta tabbatar da hukuncin wani da ya rera waƙar korar zuriyar 'yan Ireland, ta kuma bayyana ta a matsayin ta wariyar asali. Lokacin muhawarar sokewa, ƙungiyar lauyoyin Skotland ta shaida wa majalisa cewa cire sashen ba zai bar giɓi ba, kuma Lord Bracadale, tsohon alƙalin da ya yi bitar dokokin laifukan ƙiyayya a 2018, ya ga babu buƙatar a maye gurbinsa. Abin da sabuwar dokar ta ƙara a zahiri shi ne ikon kama waƙar siyasa da maganar da ta tsaya a ɓata rai, wato daidai wurin da bai kamata hannun hukuma ya kai ba.

Idan kuwa ka ga lallai sai an yi doka ta musamman, ka dubi yadda dokar Ingila ta 1991 ta taƙaita laifin waƙa ga rera kalaman batsa ko na wariyar launin fata a filin wasa. Doka ce gajera da ta ambaci abin da take nufi.

Ka tambayi wanda zai riƙe sandar gobe

Dokar hana waƙar siyasa takan faɗa hannun mai mulki, shi ne kuma zai fassara abin da ya zama cin fuska. A Aljeriya, waƙar da magoya bayan USM Alger suka tsara suna sukar wa'adin mulkin shugaban ƙasa Abdelaziz Bouteflika ta fito daga filin wasa ta zama taken zanga-zangar 2019 da ta kai ga saukarsa, domin a lokacin filin wasa yana cikin 'yan wuraren da matasa ke iya faɗin abin da ke ransu a bainar jama'a. A Hong Kong kuwa, bayan 'yan kallo sun riƙa yi wa taken ƙasar Sin ihu, an yi dokar 2020 mai ɗaurin da ya kai shekara uku. Saboda haka ka ɗauko waƙar da kai kake ƙauna, wadda ke faɗin abin da ka yi imani da shi, ka sa ta gaban dokar da kake nema, ka ƙaddara cewa abokin hamayyarka ne ke riƙe da 'yan sanda. Idan ba ka yarda da sakamakon ba, kada ka nemi a yi wa wani.

Ka saurari waɗanda ake rera waƙar a kansu

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna mafi yawan mutanen Skotland suna goyon bayan dokar, kuma wasu ƙungiyoyin kare tsiraru sun roƙi kada a soke ta ba tare da madadi ba, suna tsoron saƙon da sokewar za ta aika. Wannan tsoro na gaske ne. Uban da ya daina kai ɗansa kallon wasa saboda abin da yaron zai ji an tauye masa haƙƙi, kuma duk wanda ya ce a bar doka a gefe, nauyi ne a kansa ya faɗi abin da za a yi a maimakonta.

Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce a ɗora alhakin a kan ƙungiyoyi. A gasannin UEFA ƙungiya ce ke ɗaukar laifin magoya bayanta, ko ta yi ƙoƙarin hanawa ko ba ta yi ba. A 2019 an rufe kujeru 3,000 a filin Ibrox na Rangers saboda waƙoƙin ɗariƙanci, aka sake maimaita hukuncin, har Rangers ta ƙi karɓar tikitin magoya bayanta na wasan waje na gaba, ta kuma fito ta yi musu magana da kakkausar murya. Alƙalin wasa ma yana da ikon tsayar da wasa, ya dakatar da shi, sannan ya soke shi idan ba a daina ba. Wannan hanya ba ta da tsarki, domin ita ce ta sa aka ci Celtic tarar yuro 10,000 a 2016 saboda tutocin Falasɗinu da magoya bayanta suka ɗaga a wasa da Hapoel Be'er Sheva ta Isra'ila, abin da ya sa suka tara wa ƙungiyoyin agajin Falasɗinawa fiye da fam 150,000. Amma kuskuren hukumar wasa yana ƙarewa ne a tara ko kujerun da babu kowa, kuskuren kotu kuwa yana bin saurayi har wurin neman aiki da takardar shaidar laifi.

Ƙungiyoyin Skotland sun ƙi amincewa da wannan tsari a wasanninsu na cikin gida lokacin da aka kawo shi gabansu a 2013, sun zaɓi ƙa'idar da ke wanke ƙungiya idan ta nuna ta ɗauki matakan da suka dace. Don haka idan ka ji an rera waƙar jini a wasan lig, tambayar farko da za ka yi ita ce ko ƙungiyar ta gano masu jagorantar waƙar ta ƙwace tikitinsu na kaka, ko hukumar gasar ta rufe ɓangaren da aka rera ta, ko kuma ta cire maki idan abin ya maimaitu. Wanda ya yi barazana ko ya kira a zubar da jinin wasu saboda ɗariƙarsu, a miƙa shi ga mai gabatar da ƙara ƙarƙashin dokar da ta hau kan kowa, wadda tun 1 ga Afrilu, 2024 ta haɗa da laifin tunzura ƙiyayyar addini a ko'ina cikin Skotland.